Darasi: Hunturu, Wuta da Ƙananan Yara a Yankin Noman Rani

Duk wanda ya taɓa kwana a Kura ko Bunkure cikin watan Janairu ya san irin sanyin da ke sauka bayan sallar isha'i. Da asuba ruwan buta sai ka ce an ɗauko shi daga cikin ƙanƙara, hazo ya rufe gonaki har ba ka hango wanda ke ban ruwa a ɗaya gefen kanal. Iskar da ke kawo wannan yanayi daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso hamadar Sahara, ta kwaso ƙura mai laushi, musamman daga wani faffaɗan kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Takan fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta lafa wajen ƙarshen Fabrairu. A ƙasar Kano ma'aunin zafi kan sauko zuwa digiri 13 da daddare, wani lokaci ƙasa da haka, alhali da azahar yana iya kaiwa 30.

Manomin wannan yanki ba ya ƙin sanyi, don da shi yake cin abinci. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwan Kogin Kano ta manyan kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin zaman kashe wando. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da wannan aiki. Alkama ba ta yin kyau sai da sanyi, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba. Tumatir da albasa su ma lokacinsu ke nan, kuma wanda ya leƙa kasuwar Kwanar Gafan a waɗannan watanni zai ga kwanduna jere ana lodin motocin da za su tafi kudu.

To, a nan ne darasinmu ya samo tushe. Watannin da sanyi ya fi tsanani su ne watannin da hannun kowa ya fi cika. Maigida ya yi sammako gona, wani lokaci ma can zai kwana idan ranar ban ruwansa ce. Uwargida tana fama da turara shinkafa da shanya ta. Samari suna wajen tsinkar tumatir. Wa ya rage da mai rarrafe da mai tatata? Sau da yawa yarinya ce 'yar shekara bakwai ko takwas, ita ma da za a samu mai kula da ita da ta so. Kuma a daidai wannan lokaci ne wuta ta fi yawa a gida: ta murhu, ta kasko, ta ɗumama ruwa, ta jin ɗumi. Abin da nake so kowane ɗalibi ya riƙe daga wannan darasi shi ne, yawancin abin da ke cutar da yaranmu a hunturu daga dabarun da muke yi wa sanyi yake fitowa.

Kaskon wuta a rufaffen ɗaki

Mu fara da wanda ya fi kowanne haɗari, domin shi ne wanda ba a gani. A ce gida ne mai yara uku, ƙaraminsu ɗan wata takwas. Dare ya yi, sanyi ya matsa, uwa ta ɗebo garwashi a kasko ko kurfoti. Ta san hayaƙi na sa yara tari, don haka ta bar shi a tsakar gida har gawayin ya ruru, hayaƙin ya ɗauke, sannan ta shigo da shi. Ta rufe ƙofa, ta toshe taga da tsumma saboda ƙura. Duk abin da ta yi, ƙauna ce ta sa ta. Amma ɗakin nan ya zama tarko.

Gawayi, ko ya daina hayaƙi, yana fitar da wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye. Idan an shaƙe ta takan shiga jini ta kama gurbin iskar oksijin da jiki ke rayuwa da ita, kuma riƙon da take yi wa jini ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. A buɗaɗɗen wuri iska na kwashe ta. A rufaffen ɗaki taruwa take yi. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sai barci mai nauyi. Wanda ke barci ba zai ji ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma jariri da mace mai ciki sun fi kowa saurin kamuwa. Idan aka wayi gari mutanen ɗaki guda duk suna ciwon kai da amai, kafin a zargi abincin jiya ko a ce iskokai ne, a fara tambaya: an kwana da wuta a ɗakin?

Hayaƙin janareta ma wannan gubar yake ɗauke da ita, har ya fi na gawayi yawa. Jaridun Najeriya sun sha ba da labarin iyalin da aka tarar sun rasu gaba ɗaya saboda an shigar da janareta zaure ko lungun ɗaki don gudun ɓarayi. Wurin janareta waje ne, nesa da ƙofa da taga.

Idan har sai an ɗumama ɗaki, a shigo da kaskon da wuri, taga a buɗe, babba yana zaune a wurin, sannan a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Abin da zai riƙe yaro har asuba shi ne sutura: riga a kan riga, hula, safa, bargo, da shimfiɗa mai kauri tsakaninsa da siminti. Jariri kuwa babu abin da ya kai masa ɗumin jikin uwarsa. In kuma aka tarar da mutum ya galabaita a irin wannan ɗaki, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi.

Ruwan zafi da rushi

Ƙunar da ta fi samun ƙananan yara ba ta harshen wuta ba ce kaɗai. Tafasasshen ruwa, koko, shayi da miya suna ƙona yara ƙwarai, kuma fatar yaro ta fi ta babba taushi, zafin da babba zai ce "kai!" ya janye hannu, shi yaro sai ya saɓule masa fata. A hunturu kusan kowane gida na ɗora ruwan wanka safe da yamma. Yadda abin ke faruwa sananne ne: an juye ruwan zafi a baho, uwa ta juya ta ɗebo na sanyi ta sirka, mai rarrafe ya iso kafin ta dawo. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. A fara zuba na sanyi, sannan a ƙara na zafi, a taɓa da gwiwar hannu kafin a saka yaro. Wankan yara kuma a bar shi sai hantsi ya dubi ludayi, a yi shi a wurin da iska ba ta bugawa, a tsane su da sauri a shafa musu man kaɗanya.

Gidan da ake wankan jego ya fi bukatar lura, don babbar tukunya ce ke tafasa kullum har tsawon makonni, ga yayan jaririn, ɗan shekara biyu, yana yawo babu mai kallonsa tunda hankalin kowa ya koma kan sabon baƙo. Ina roƙon kakanni da gwaggonni da ke zuwa taya jego, ɗaya daga cikinku ta ɗauki wannan yaron ya zama shi ne aikinta.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da garuruwan shinkafa irin Kura. Mata na turara shinkafa a manyan tukwane da durom, ana hura wuta da ɓuntu. Wutar ɓuntu da ta ƙaiƙayi ba ta mutuwa da wuri: sama toka ce fara sol, ƙasa rushi ne ja wur, kuma tana iya kwana a haka. Yaro ba takalmi ya taka, ƙafarsa ta nutse. Duk inda aka kwashe toka, a yayyafa mata ruwa kafin a bar wurin, kada kuma a zubar da ita a hanyar da yara ke bi.

Yanzu mu zo kan abin da ake yi idan ƙaddara ta riga fata. A nan ne muka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai, wani ya ce gishiri, wani man goge baki, wani manja ko baƙin mai. Babu ɗaya daga cikinsu da ke fitar da zafin da ya shiga nama, kuma suna kawo ƙwayoyin cuta cikin ciwon, su wahalar da ma'aikacin asibiti wajen wanke shi. Abin da ake bukata ruwa ne mai tsabta, mai sanyi irin na randa ko famfo, a yi ta kwarara shi a kan wurin har minti 20. A duba agogon waya, don minti 20 da yaro mai kuka a hannu yana da tsawo, kuma mutane kan tsaya tun lokacin bai cika ba. Ban da ƙanƙara. A lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi. A cire zobe, awarwaro ko guru kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata a bar ta, kada a fizge. Ƙurajen ruwan da suka taso kada a fasa su. A rufe da tsumma mai tsabta wanda ba ya gashi.

A tafi asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun yaron girma, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari ko baƙi, ko kuma jariri ne komai ƙanƙantarta. Asibitin sha-ka-tafi na kusa zai duba, in ta fi ƙarfinsa ya tura babban asibitin Kura, ko na Murtala Muhammad, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da ke birni.

Na san matsalar da matan aure ke fuskanta a nan. Kin koyi wannan a aji, amma a gida surukarki ce ke tsaye a kanki tana cewa a kawo ƙwai. Ba a gardama da babba, amma ana iya lallashi. Kina iya cewa, "Inna, ki yi haƙuri, malaman asibiti sun ce ruwa ake fara zubawa ya zuƙe zafin. Taya ni riƙe shi in zuba." Kin ba ta girmanta, kin kuma ba ta aikin yi. Abin da ya fi shi ne maigida ya zaunar da mahaifiyarsa tun lafiya lau ya gaya mata abin da ya koya, don ranar tashin hankali ba ranar koyarwa ba ce.

Gobara

Iskar hunturu busasshiya ce, kuma tana busar da komai: danga, zana, azara, karan dawa da harawar da aka jibge a kan soro. Tartsatsi ɗaya ya isa, iska ta yi sauran. Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano kan yi ta gargaɗi duk shekara idan wannan lokaci ya kama. A yankinmu akwai ƙarin abu guda: fetur ɗin injin ban ruwa. Manomi ya sayo jarka cike, ya ajiye a ɗakin kwana ko zaure don ya yi sammako da ita. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya je ya tarar da garwashi ko fitila ko da tana ɗaya kusurwar. Fetur ya zauna a wani wuri daban, a rufe ruf, nesa da wuta da wurin kwana. Idan wutar fetur ko ta man girki ta tashi, ruwa watsa ta yake yi. Ƙasa ko yashi ake zubawa, tukunya kuma a kife mata murfi.

Masu lantarki su kula da hita da dutsen guga. An jona, aka ɗauke wuta, aka manta aka fita, aka dawo da wuta babu kowa. Da zarar an ɗauke, a zare komai daga soket. Kyandir da maganin sauro na kunnawa kada su kusanci katifa, labule ko gidan sauro. Kuma don Allah a daina kulle yara a ɗaki a tafi unguwa ko gona.

Idan tufafin yaro suka kama, gudu zai yi, gudun kuma rura wutar yake. A kama shi a kwantar, a mirgina shi a ƙasa ko a danne wutar da bargo, sannan a bi da ruwa. Rigunan sanyi na roba da muke saya a gwanjo narkewa suke yi su manne da fata, don haka yaron da ke sanye da irinsu kada ya zauna dab da wuta.

Tari: yaushe ne ya wuce mura?

Mura da tari da tsagewar leɓe da kaushi abokan hunturu ne, yawancinsu kan wuce da kansu. Haɓo ma haka: a zaunar da yaro ya ɗan sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan wurin hancin minti 10. Ɗaga kai sama da muka saba yi jinin yake mayarwa maƙogwaro.

Wanda ake tsoro shi ne nimoniya, wadda wasu ke kira sanyin haƙarƙari. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta su kama huhu, kuma hayaƙin itace, ƙura, cunkoso a ɗaki da rashin abinci mai gina jiki suna buɗe mata ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000 a duniya, alhali tana da magani idan an kai yaro da wuri. Ga hanyar gane ta, kuma duk wanda ya iya ƙirga zai iya. Lokacin da yaro ya natsu, ba ya kuka, a ɗaga rigarsa a ƙirga sau nawa cikinsa ke tashi cikin minti ɗaya cif. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan ya kai 60 ko fiye, numfashin ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40. Wanda ya kai iyakarsa yana tari, a kai shi asibiti a ranar. Idan kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, to ko tsakar dare ne a nemi abin hawa. Tsagar wanzami a haƙarƙari ba ta isa huhu, kuma kwanakin da ake ɓatawa ana gwada maganin tari na kemis su ne kwanakin da cutar ke cin ƙarfin yaro.

Wannan yanayi na ƙura shi ne kuma farkon lokacin sanƙarau da ƙyanda. Manya a cikinmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kashe mutane fiye da 11,000 a Najeriya, Kano na cikin inda ta fi ɓarna. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumburo, ba abin jira ba ne. A duba katin rigakafin kowane yaro: akwai allurar nimoniya a cikin na watannin farko, ta ƙyanda kuma ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15. Kyauta ake yi a asibitocin gwamnati.

Kanal da kwalba

Abu biyu suka rage, gajeru ne amma masu nauyi. Kanal ɗin da ke ciyar da mu yana cike da ruwa duk rani, gefensa gangare ne mai santsi, ruwan yana gudu kuma yana da sanyi. Ƙaramin yaro ba ya ihu in yana nitsewa, kuma ko ruwan baho ya ishe shi. Kada a aiki yara ɗibar ruwa ko wanki a kanal su kaɗai, balle da goyo a baya, balle da safiyar hazo. Na biyu, maganin feshi da kananzir da ake ɗurawa a robar lemo ko ta ruwa. Yaro launin roba ya sani, bai san abin da ke ciki ba. A bar kowane magani a mazubinsa na asali, a kulle. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A tafi da shi asibiti tare da mazubin, don ma'aikata su ga abin da ya sha.

Aikin aji

Malami ya rubuta waɗannan kalmomi a allo, ɗalibai su karanta su kwafa: hunturu, garwashi, rushi, gobara, numfashi, rigakafi. Sannan a tattauna: me ya sa gawayin da ya daina hayaƙi yake da haɗari a rufaffen ɗaki? Minti nawa ake zuba ruwa a kan ƙuna? Yarinya 'yar wata 7 tana tari, an ƙirga numfashinta 56 a minti ɗaya. Da nawa ta wuce iyaka, kuma me ya kamata iyayenta su yi? Kowa ya faɗi wurin da ake ajiye fetur ko maganin feshi a gidansu, 'yan aji su ba shi shawara ba tare da kunyata shi ba. Daga nan ɗalibai su zauna biyu-biyu, ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya ƙirga numfashin ɗan'uwansa, har hannu ya faɗa.

Aikin gida kuwa ba na takarda kaɗai ba ne. Yau da ka koma, ko kika koma, ku durƙusa a tsakar gida daidai tsawon ƙaramin yaronku, ku dubi abin da hannunsa zai iya kaiwa: tukunya, kasko, filas ɗin shayi, jarka, bokitin ruwa, bakin rijiya. Ku rubuta abu uku da kuka gani, ku gyara su kafin ku kwanta, ku rubuta lambar wayar mai abin hawa na kusa ku manna a bango. Mako mai zuwa kowa ya zo da takardarsa ya karanta wa aji abin da ya gyara.